Gani Ya Kori Ji, To In Ganin Ya Ɓace Fa?

Duk wanda ya taɓa zaman jiran jirgi a filin jiragen sama na Malam Aminu Kano cikin watan Disamba ko Janairu ya san irin ranar da muke nufi. Gari ya waye fari fat, ƙurar da iska ta kwaso tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe birni, har wanda ya hau Dala ba ya iya hango Goron Dutse. Rana tana nan a sama kamar farin faranti, ana kallonta ido da ido ba ta kashe wa kowa ido. Can sai a ji sanarwa cewa jirgin da ake jira bai sami sauka ba, ya juya. Nan take fasinjoji za su hau gunaguni: ba ruwa, ba tsawa, ba guguwa, to me ya hana shi? Ba a rasa wanda zai ce ai direban da ya kawo shi daga Zariya cikin wannan hazon ya taho, fitila kawai ya kunna.

Wannan gunaguni shi ya ja mu ga wannan rubutu, domin kuwa a ƙarƙashinsa akwai wata tambaya da ta girmi jirgin sama nesa ba kusa ba. Yaushe ne ya halatta mutum ya amince da abin da jikinsa da zuciyarsa ke gaya masa, yaushe kuma ya wajaba ya ƙaryata su, ya bi shaidar wani abu da ke wajensa? Malaman falsafa sun daɗe suna kai-kawo a kanta cikin littattafai. Su kuwa matuƙan jirgin sama ba a ba su damar kai-kawo ba, tilas ta sa suka amsa ta, suka rubuta amsar a matsayin doka, kuma kusan kowane layi na dokar sai da aka biya shi da rayuka.

Dokokin tuƙin jirgin sama iri biyu ne. Na farko su ne dokokin tuƙi da ido, waɗanda matuƙa ke taƙaitawa da haruffan VFR. A ƙarƙashinsu matuƙi yana duban waje ne: da idonsa yake sanin ko jirginsa a miƙe yake, da idonsa yake gane kogi da hanyar dogo da gari, kuma nauyin ganin wani jirgi da kauce masa a wuyansa yake. Saboda haka aka gindaya masa sharuɗɗa. A ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, mai tuƙi da ido a ƙasa da tsayin ƙafa 10,000 yana bukatar, a mafi yawan sassan sararin samaniya, ya iya hango nisan kilomita 5, ya kuma nisanci gajimare da mita 1,500 ta gefe da mita 300 ta sama ko ƙasa. In ya haura ƙafa 10,000 sai nisan hangen ya koma kilomita 8. Na biyu su ne dokokin tuƙi da na'ura, watau IFR. A nan matuƙi ya sauke idonsa daga taga ya mayar kan agogunan da ke gabansa. Kafin ya tashi sai ya rubuta hanyar da zai bi ya miƙa, jami'an kula da zirga-zirgar jirage su ba shi izni, su yanka masa tsayin da zai tsaya, kuma duk umurnin da suka ba shi sai ya maimaita musu da bakinsa don a tabbatar ya ji daidai. Ya sayar da wani yanki na 'yancinsa ke nan, ya sayi ikon ratsa gajimare da hazo. Manyan jiragen fasinja kusan kullum da wannan doka ta biyu suke tafiya, ko da gari garau yake.

Mai karatu zai iya cewa, to ai wannan batun hange ne kawai, kada a yi karo da dutse ko wani jirgin. Mu ma haka muka zata da farko. Ashe babban haɗarin yana cikin kunnen matuƙin ne.

A can cikin kunnen kowane ɗan Adam akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. Idan kai ya juya, ruwan yakan ɗan yi nawa kafin ya bi, wannan nawar ita ke taɓa wasu ƙananan gasu, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa cewa ana juyawa. Kyakkyawar halitta ce ga mai tafiya a doron ƙasa. Amma tana da iyaka guda biyu. Ta ɗaya, in juyin ya yi sanyi ƙwarai, ƙasa da kimanin digiri 2 a daƙiƙa, kunne ba ya jin sa sam. Jirgin da ke karkata da digiri ɗaya kacal a kowace daƙiƙa, cikin rabin minti ya kwanta da digiri 30, matuƙinsa kuwa yana zaune yana rantsuwa a miƙe yake. Ta biyu, in juyin ya ɗore na kimanin daƙiƙa 20 ba canji, ruwan yakan cim ma bututun, kunne ya ba da rahoton cewa an daina juyawa. In aka tsaya da gaske kuma, sai ya ce an fara juyawa ta ɗaya gefen. Duk wanda ya yi wasan hajijiya yana yaro ya san wannan, ka tsaya cak amma gidanku ya ci gaba da zagayawa. Bugu da ƙari, nauyin jiki ma ba ya taimako, domin a cikin juyin da aka daidaita da kyau ƙarfin da ke danna mutum yana danna shi ne cikin kujera sosai, kamar dai yana zaune a ɗakinsa. Wani shahararren matuƙi na Amurka, Bob Hoover, ya nuna haka a gaban kyamara: ya riƙa tsiyaya shayi cikin kofi alhali yana mirgina jirginsa har ya kifa ya dawo daidai, shayin kuwa bai fasa zuba cikin kofin ba.

Matuƙan farko ba su yarda da wannan ba. Sun ɗauka gwaninta a jiki take, wanda ya iya ya iya. Lokacin da kamfanin Sperry ya fito da agogon da ke nuna juyi, wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ke aiki da wani ƙarfe mai wulwulawa kamar katantanwar yara, ƙorafin da matuƙa suka riƙa yi abin dariya ne da ban tausayi. Cewa suke yi na'urar tana aiki lafiya lau in gari garau ne, amma da an shiga gajimare sai ta haukace, ta riƙa nuna ana juyawa alhali ana tafiya sak. A dubi wannan magana da kyau. Ba su taɓa kawo wa ransu cewa su ne suka haukace ba.

Wani hafsan sojan sama na Amurka mai suna William Ocker yana cikin masu ɗauke da irin wannan agogo. A 1926, a birnin San Francisco, likitan soja David Myers ya ɗora shi a kan kujera mai juyawa, ya sa ya rufe ido, ya juya shi, ya riƙa tambayarsa ina ya nufa. Ocker, da duk shekarunsa a sama, ya kasa faɗin daidai. Maimakon ya yi fushi da kujerar, sai ya je ya sa agogonsa cikin wani akwati da 'yar fitila, ya dawo ya hau, ya liƙa fuskarsa a bakin akwatin, ya riƙa faɗin abin da allurar ta nuna, ba abin da ya ji a jikinsa ba. Bai kuskure ba. Daga nan ya shiga yi wa 'yan uwansa matuƙa wa'azi, suka ɗauke shi taɓaɓɓe. Har tantabaru aka rufe wa ido aka sake su daga jirgi, su ma suka kasa tashi sosai. A 1932 shi da Carl Crane suka wallafa littafin koyar da tuƙi ba tare da ganin waje ba. Kafin nan, ranar 24 ga Satumba 1929, Jimmy Doolittle ya riga ya tashi daga filin Mitchel kusa da birnin New York, an lulluɓe mazauninsa ruf, ya zagaya na kimanin minti 15 ya sauka, ba abin da yake kallo sai agoguna. Cikin agogunan akwai wanda ya zama uban sauran har yau, mai zana wa matuƙi layin da sama ta haɗu da ƙasa a kan ɗan gilashin da bai fi tafin hannu ba.

A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da na'ura ba. Aka ɗauke su sama, aka toshe musu ganin waje. Babu ko ɗaya da ya iya riƙe jirgin. Wani ya rasa shi cikin daƙiƙa 20, wanda ya fi daɗewa ya kai 480, matsakaicin lokacin kuwa daƙiƙa 178 ne, watau bai cika minti uku ba. Goma sha tara daga cikinsu hanya ɗaya suka bi, hanyar da matuƙa suka laƙaba wa suna mai ma'anar wulwulawar maƙabarta. Za mu dawo kanta.

A nan ne muke son mai karatu ya ɗan tsaya tare da mu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma gaskiya suka faɗa. Amma me matuƙi mai tuƙi da ido yake gani? Ba jirginsa yake kallo ba, ba kuma kansa ba. Mahaɗar sama da ƙasa yake kallo, wancan layi mai nisa wanda bai taɓa motsi ba. Da shi yake gwada fukafukansa, sau ɗari a minti, ba tare da ya san yana yi ba. Kunnensa yana yi masa ƙarya tun da ya tashi, layin nan ne ke gyara ƙaryar a ɓoye, tun kafin ta iso ga hankalinsa. Ashe miƙewar da yake taƙama da ita aro ce. To da yake bai taɓa sanin aro yake ci ba, ranar da hazo ya karɓe layin ba ya jin an karɓe masa komai. Tabbacin da ke ransa yana nan yadda yake, bai ragu da ƙwayar zarra ba. Abin da ya fi ba mu tsoro ke nan a cikin wannan lamari duka: jin cewa kana daidai, ɗanɗanonsa ɗaya ne ko kana daidai ko kana kife.

Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya taɓo gefen wannan a littafinsa Al-Munƙidh minal Dalal, inda ya kawo misalin inuwa da ido ke gani a tsaye alhali tafiya take yi a hankali, da tauraron da ido ke gani ɗan mitsitsi alhali lissafi ya nuna girmansa ya wuce misali. Sai dai shi yana zaune ne a ƙasa, yana da shekaru na yin tunani. Matuƙi minti uku gare shi.

Mun sha jin mutum yana cewa, "Ni dai na san kaina," ko kuwa, "Zuciyata ta kwanta da abin." Mu ma mun sha faɗi. Amma bari mu ɗauki ɗan unguwa wanda ya tashi cikin mutunci, ba ya ƙarya, ba ya taɓa kayan wani. Yana ganin wannan halinsa ne, a jininsa yake. Bai lura ba cewa idon mahaifinsa yana kansa, da na liman, da na tsohuwar da ke tuya a ƙofar gida wadda ta san shi tun yana tsumma, da abokan da za su yi masa dariya in ya fara ɗaga hanci. Waɗannan su ne mahaɗarsa. Sai Allah ya ɗaga shi, ya sami kujera a wani ofis mai maiƙo, ya koma unguwar da maƙwabci bai san maƙwabci ba. Waɗanda ke kewaye da shi yanzu duk masu bukata ne a wurinsa, in ya yi atishawa su ce ya yi hikima. Hazo ya sauko ke nan, kuma hazon fadanci ya fi na hunturu kauri. Ba wanda ya zo masa da buhun kuɗi ran farko, da ya kore shi, domin wannan juyi ne mai ƙarfi, kunne zai ji. Abin da ya zo shi ne ragon Sallah daga wani ɗan kwangila, don zumunci kawai. Bayan haka takardar ɗan abokinsa da aka ɗaga ta hau saman sauran. Bayan haka wani ɗan kaso da kowa ke karɓa, wanda ƙin karɓarsa zai zama kamar tona asirin abokan aiki. Digiri ɗaya ne a daƙiƙa. Bayan shekara goma mutumin nan ya kwanta a kan fiffike, kuma in ya dafa Alƙur'ani ya ce bai canza ba, ba ƙarya yake yi ba a iya saninsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Matuƙin da ya daɗe a karkace, in ya duba agogo ya gane, ya miƙar da jirgin, sai kunnensa ya tashi da ihu cewa yanzu ne aka karkace. Wasu har jingina jikinsu suke yi gefe guda a kan kujera, na tsawon mintoci, alhali jirgin yana tafiya daidai. Ga wanda ya saba da karkata, miƙewa ita ke zama kamar faɗuwa. Shi ya sa ran da tsohon abokin mutumin nan ya zo ya gaya masa gaskiya, abin da zai ji a ransa shi ne an zalunce shi, an yi masa hassada, kuma jin nan na gaske ne, yana da zafi, yana hana barci. Gyara kayanka ya zama sauke mu raba.

Yanzu mu koma ga wulwulawar maƙabarta. Jirgin da ya karkata yakan fara saukar da hanci yana rasa tsayi. Matuƙi bai san ya karkata ba, amma yana jin ƙarar iska ta ƙaru, yana ganin allurar tsayi tana zuba. Sai ya yi abin da hankali ya ba shi, ya jawo sitiyari don ya ɗaga hanci. To amma jirgin a kwance yake a gefe, saboda haka jan ba ya kai shi sama, ƙara matse da'irar yake yi. Ya ƙara ja, ta ƙara matsewa, gudun faɗuwa ya ƙaru. Ƙoƙarinsa ne ke kashe shi. Abin da ake koya wa ɗalibai shi ne a rage wuta, a fara daidaita fukafukai, sa'an nan a ɗaga hanci. Ba mu san yadda mai karatu ya ji ba, amma mu da muka fahimci wannan sai muka tuno mutanen da ke jin rayuwarsu tana zubewa, su ƙara sadaka, su ƙara Umra, su ƙara raba shinkafa da azumi, haƙƙin marayun da ke hannunsu kuwa yana nan inda yake.

Ranar 16 ga Yuli 1999, John Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya tashi da ƙaramin jirginsa samfurin Piper Saratoga daga jihar New Jersey, tare da matarsa da 'yar uwarta, shi da matar za su bikin aure. Yana da kimanin awa 310 na tuƙi, ya fara koyon tuƙi da na'ura bai gama ba. Sun tashi bayan ƙarfe takwas da rabi na dare. Bai karya doka ba, rahoton yanayi ya ba da damar tuƙi da ido. Amma akwai hazo, kuma da ya bar gaɓa ya hau kan teku, fitilun gari suka ƙare, baƙin ruwa ya haɗe da baƙin sama. Wani malaminsa ya yi masa tayin raka shi a daren, ya ce yana son ya yi shi kaɗai. Wajen ƙarfe goma saura minti ashirin jirgin ya shiga teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard, yana zubowa da gudun fiye da ƙafa 4,700 a minti. Masu bincike ba su sami wata matsala a injin ba. Doka ta ce ya halatta, amma doka ba ta iya duba ta tagarsa ta gaya masa layin ya ɓace.

Kada kuma a ce ai rashin ƙwarewa ne kawai. Ranar 26 ga Janairu 2020, jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant da 'yarsa da wasu mutum bakwai ya faɗa kan tudu a Calabasas ta jihar Kalifoniya, ba wanda ya tsira. Matuƙin yana da fiye da awa 8,000, yana da takardar tuƙi da na'ura, har koyar da shi yake yi. Sai dai tafiyar ta tuƙi da ido ce, ba a ba kamfanin iznin ɗaukar fasinja cikin gajimare ba. Da gajimare ya tare shi, bai juya ba, bai nemi wuri ya sauka ba, ya kutsa da niyyar ɓullewa ta sama. Maganarsa ta ƙarshe ga jami'in da ke kula da shi ita ce yana hawa zuwa ƙafa 4,000. A daidai lokacin da yake faɗin haka jirgin ya riga ya karkata hagu yana gangarowa. Hukumar bincike ba ta sami shaidar cewa wani ya matsa masa ba. Ta ce mai yiwuwa shi ya matsa wa kansa, don kada ya ba babban baƙonsa kunya. Mu da muka tashi cikin al'adar kara da kunya, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Laifin da za a iya ɗora masa bai faru cikin gajimaren ba, domin a can kunnensa ne ke mulki, kuma kunnen gwani da na ɗan koyo halittarsu ɗaya. Ya faru ne minti kaɗan kafin nan, lokacin da yake gani sarai, yana da zaɓi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mu marubuta muna da namu hazon, kuma gara mu faɗa tun da shafinmu ne. Wanda ya shekara yana juyawa tare da labarinsa, kunnensa ya daina jin juyin. Babin da ya kwanta a gefe yana ganinsa a miƙe, in edita ya taɓa shi sai ya ji kamar an taɓa ƙwayar idonsa. Wanda littafinsa na farko ya karɓu kuwa, aka fara kiransa taro ana ba shi kujerar gaba, shi ya fi kowa shiga haɗari a littafi na biyu, domin waɗanda za su iya ce masa wannan shafin bai yi ba duk sun koma masu tafi.

To amma akwai masu ja da wannan magana, kuma jansu yana da ƙarfi. Za su ce, ashe ba a karantar da mu cewa mutum ya nemi fatawar zuciyarsa ba, ko da mutane sun ba shi tasu? Haka ne. Sai dai muna ganin zuciyar da ake nufi ita ce wadda ke da mahaɗa a gabanta, wadda ake gwada ta da gaskiya safe da yamma har ta saba. Dokar tuƙi da ido ma ai doka ce mai daraja, da ita kowane matuƙi ke fara koyo, ba wanda ya ce a daina duban taga. Abin da aka ce shi ne ido yana da sharuɗɗa, kilomita kaza, mita kaza, kuma mai idon ba shi ne zai sassauta sharuɗɗan ba a ranar da yake gaggawa. Fushi, da kwaɗayi, da soyayya, da zaman makoki, da sabuwar sarauta, duk ranaku ne da hange bai kai kilomita 5 ba.

Ja na biyu ya fi wuya. Za a ce, in mun koya wa mutane su ƙaryata kansu su bi wani abu na waje, ashe ba mun share wa kowane azzalumin shugaba da kowane malamin ƙarya hanya ba? Na'ura ba ta ƙarya ne? Tana yi. Ranar 1 ga Janairu 1978, jirgin Air India samfurin Boeing 747 ya tashi daga Bombay da dare ya nufi kan teku. Agogon mahaɗa na gaban kyaftin ya maƙale, ya ci gaba da nuna jirgin ya karkata dama alhali ya riga ya miƙe. Kyaftin ya bi shi, ya yi ta karkatar da jirgin hagu don ya gyara abin da bai ɓaci ba, har ya kifa cikin ruwa. Mutum 213 suka rasu. A cikin ɗakin tuƙin nan akwai irin wannan agogo har uku, na kyaftin, da na mataimakinsa, da na ko-ta-kwana a tsakiya, kuma injiniyan jirgin ya yi ƙoƙarin jawo hankalin kyaftin, amma lokaci ya ƙure. Saboda irin wannan ne ba a koya wa matuƙi ya kafe idonsa a kan agogo ɗaya. Ana koya masa zagaya su ne ba tsayawa, na mahaɗa, na tsayi, na gudu, na alƙibla, yana tambayar kowanne ko ya yarda da ɗan uwansa. In ɗaya ya ce ana hawa, amma tsayi yana raguwa, gudu yana ƙaruwa, to an kama maƙaryaci. Kuma da gangan ake raba musu hanyar samun wuta da iska, don kada cuta ɗaya ta kama su gaba ɗaya. Shaidu ake nema waɗanda ba su kwana ɗaki ɗaya ba. Mutumin da duk masu ba shi shawara daga aljihunsa suke ci, ko duk almajiran malami ɗaya ne, agogo ɗaya gare shi ko da sun kai ɗari.

Ba za mu ɓoye ba, misalin yana da inda ya gaza. Agogon jirgi akwai ma'aikatan da ke gwada shi su sa hannu, abokin shawara kuwa ba wanda ke buga masa hatimi. Iyakar abin da za mu iya arowa shi ne yadda matuƙi ke gina amincewarsa. Ba cikin gajimare yake fara yarda da agogo ba. Tun yana ƙasa, yana gangarawa zuwa titin tashi, yake duba ko allura tana bin kwanar da ya sha. A sama kuma, ranar da gari ke garau, yana gwada layin gilashi da layin Allah, yau da gobe, har ya san wannan agogo ba ya yi masa kara. A Amurka sai ɗalibi ya yi aƙalla awa 40 yana tuƙi da na'ura, yawanci da wata hula da ke tare masa taga, malami na gefensa, kafin a ba shi takarda. Bayan ya samu ma, in ya yi wata shida bai yi saukar na'ura sau shida ba, ba shi da iznin shiga gajimare sai ya sabunta. Wanda bai taɓa bari a gyara masa ƙaramin kuskure ran da yake gani ba, ba ranar da ya makance zai fara koyo ba.

Saura jirginmu na Kano da ya juya. Shi ai da na'ura yake tafiya, to me ya hana shi sauka? Abin da ya hana shi shi ne, dokar na'ura ma da ido take ƙarewa. Na'urar saukar da jirgi tana jawo shi ne a kan wata hanya ta rediyo har zuwa wani tsayi da aka rubuta a takarda, wanda a tsarin da aka fi amfani da shi bai gaza ƙafa 200 daga ƙasa ba, ko da yake akwai filaye da jirage masu kayan da ke ba da damar yin ƙasa da haka. Matuƙan biyu sun karanta wannan lamba da ƙarfi tun suna can sama, hankalinsu kwance, sun amince da ita, sun kuma zaɓi filin da za su nufa in abin bai yiwu ba, da man da zai kai su har da saura. In an iso tsayin, ɗaya ya ɗaga kai ya duba. In ya ga fitilun titi, a sauka. In bai gani ba, ba a buɗe sabuwar muhawara, ba a cewa bari mu ƙara ƙafa hamsin ko Allah zai sa, ko da kyaftin ya sauka a filin nan sau dubu, ko da yana jin titin a jikinsa, ko da gwamna ne a kujerar gaba. Sai a tura wuta, hanci ya ɗaga, a naɗe ƙafafu, waɗanda ke jira a ƙasa su ji rugugin injin ya ratsa ta kansu cikin farin hazo ba su ga ko inuwarsa ba, ya nufi Abuja da mutum ɗari da wani abu a cikinsa, kowa yana duba agogon hannunsa yana tsaki.